Ruwan Albarka a Kan Takalmin Mace

Chanpeng a kan tudu ta yi ƙuruciya, a kan tudu ta tsufa, tana tsinkar ganyen shayi tana turarawa ana kaiwa kasuwa. Ba ta da surutu, ba ta da kwalliya. Abu ɗaya ƙauyen ya san ta da shi: tukunyar furen nan da ake kira takalmin mace, wanda ta tono a tsakanin duwatsu tun tana amarya. Duk shekara in sanyi ya wuce sai ya miƙo kara ɗaya, a kansa fure guda mai ɗan aljihu a gaba. Ba ta yi masa wata hidima sai ruɓaɓɓen ganye da ruwan sama. Sanyin tudu ne ke yin aikin, ita ma ba ta sani ba.

Da mijinta ya rasu, gwiwa kuma ta ƙi hawan dutse, ɗanta Somkiat, mai gyaran babur, ya sauko da ita birnin Chiang Mai. Ta bar gonar, ta bar gidan, amma tukunyar a cinya ta riƙe ta har suka iso.

To, furen ya ƙi birni, ƙiyayya ta gaske. Ganye shar, lafiya lau, amma fure ko alama. Shekara ta bi shekara. Ta canza masa ƙasa, ta daka ɓawon ƙwai ta zuba, ta kai shi inuwa, ta dawo da shi haske. Da wata mai sayar da shuke-shuke ta ce mata sanyi yake nema, sai ta koma jera ƙanƙara kewaye da tukunyar.

"Mae, wannan ciyawar taki har ƙanƙara take sha?" in ji Somkiat, don Mae suke kiran uwa da yarensu. "Ni da nake wuni cikin baƙin mai ban samu wannan gatan ba."

"Kai ka taɓa yi mini fure? Tafi can, sarkin surutu."

Dariya suke yi, amma ita abin yana cin ranta. Ciwon sukari ya riga ya cinye mata idon hagu, likita kuma ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa na daman ba zai wuce damina mai zuwa ba. Ba ta roƙi a mayar da ita tudu ba, ta san ba mai yiwuwa ba ne. Abin da take so kawai ta ga furen nan sau ɗaya kafin duhu ya rufe ta.

Sai ga shi a wannan shekarar an yi sanyi mai kyau har cikin birni. Da zafi ya fara shigowa, ta kara idonta dab da shukar, ta hango ɗan toho yana leƙowa daga tsakiyar ganyen. Kai, ranar Chanpeng har waƙa ta yi! Ta tara mutanen gidan ta ja musu kunne cewa kada kowa ya zuba ruwa ta sama, domin in ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen da zafin nan, tohon ruɓewa zai yi. Jikokinta sun ji, surukarta matar Somkiat ta ji. Somkiat yana wurin aiki, kuma babu wanda ya tuna ya faɗa masa.

Sabuwar shekarar ƙasarsu, wadda ake yi da tsakiyar zafi, ta zo, gari ya rikice da bikin watsa wa juna ruwa. A gida, kamar yadda al'adarsu take, aka zaunar da tsohuwa a kan kujera a baranda, tukunyarta a gefe. Aka kawo kwanon azurfa cike da ruwan turare, furanni na yawo a kai. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa, suka zuba mata a tafin hannu, suna neman gafara. Ta shafa ruwan a ka, ta haɗa hannuwa, ta fara jero musu albarka irin ta mutanen tudu, doguwa, mai tafiya kamar waƙa.

Tana tsakiyar ta jikokin ne Somkiat ya miƙe da sauran ruwan. Kunya ce ta kama shi, shekara da shekaru yana yi wa shukar uwarsa ba'a, yau yana so ya gyara. Ya sunkuya da ladabi, hannu biyu, ya tsiyaye kwanon kaf a tsakiyar ganyen.

Ta ji ƙarar ruwan. Ta gane sarai. Amma a gidansu ba a yanke albarka a tsakiya, balle ta yara. Ta ci gaba, tsawon rai, lafiya, buɗi, har ta kai ƙarshe. Kafin ta samu ta karkata tukunyar ta tsane da bakin zane, ruwan turaren ya riga ya shige inda yatsa ba ya kaiwa.

Cikin kwanaki kaɗan tohon ya yi baƙi. Ta taɓa shi, ya narke mata a yatsa, yana ɗoyi. Wani tohon sai an sake sanyi, in ma an sake, ita kuma ga damina a bakin ƙofa. Baƙin ciki ya cika ta har ta kasa kuka, ta zauna nan a baranda, shinkafarta ta huce a kwando.

Da la'asar Somkiat ya dawo yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da fara'a.

"Mae, yaya mutuniyar? Ruwana ya karɓe ta ko? Yaushe za ta buɗe?"

Chanpeng ta ɗaga kai ta dube shi da ɗan abin da ya rage mata na ido. Ta daɗe tana kallonsa, yana ta murmushi yana jiran yabo. Ta sa tafin hannu ta rufe tsakiyar ganyen.

"Ya karɓe ta, ɗana," ta ce. "Je ka ci abinci."