Sunan da Na Kira a Tibiri

Ku da kuke cika mani tsakar gida da gardamar ƙwallon Ingila, wanga ya ce a kori manaja, wancan ya ce a sayo ɗan gaba, ku zauna ku ji. Na riga ubanninku jin gardamar nan, kuma da ƙafata na taka na iske ta. Damina biyar ke nan bayan yunwar da munka ci garin rogo, a ranin da ya biyo ƙuri'ar i ko a'a, Nasara bai naɗe kayanshi ba tukuna. Shekarar ce rijiyar ƙauyenmu ta rufta, maigidana kuma shina da shekara biyu a ƙasa.

Ɗan farina, wanda kun san ba ni faɗin sunanshi, ya tafi cin rani Tibiri wajen wani tela Bayarabe. Ya bar matarshi da ciki, ya bar gonar ubanshi ba sassabe. Ƙaramar salla ta wuce bai zo ba. Sai ga wani mai jakai ɗan ƙauyenmu ya komo daga can, ya tsugunna bakin ƙofata. Ya ce ya ga yaron ya rame, kuma da kunnenshi ya ji shina cewa an kori maigidansu, an sayar da mai tsaron gidansu, mutum uku sun karye, in anka ci su ran Asabar sun faɗa ƙasa.

An sayar. Ni da kakata ta ga an ɗaure ƙanenta da igiya an bi ayari da shi, kalmar nan ba wasa ba ce a kunnena. Ban san ƙwallo ba, ban taɓa jin ana sayar da mai buga ta ba.

Amma uwa ba ta bin ɗan fari. Ba ta kiran sunanshi, ba ta tambayar ko ya ci, in ya shigo ta gabas ita ta dubi yamma. Don haka na ce za ni Tibiri sayar da daddawa. Kowa ya san kasuwar Matankari na nan bakin hancinmu, ba wanda ya ce mani komi. Ƙanwar maigidana, wadda ta goye yaron tun yaye, ta ce tare za mu. Ita 'yar bori ce, ta riga ta yanke cewa iska ne, ta ƙulle turaren da ta karɓo garin Lugu a bakin zanenta.

Mun tashi da asuba ran Laraba, kowa da kaya a kai. Mun gangaro tudu, mun ratsa Matankari mata na ɗora dakan fari, rana ba ta kai tsaka ba sai ga dutsen nan ja na Dogon Dutsi ya tsaya gabanmu. Garin lokacin bai kai haka ba, amma ya isa ya ruɗa baƙauye: gardi da jar hula bakin bariki, keke na wucewa ba sallama. Furar da ake ba mu dunƙule biyu a gida, can a kuɗin nan ɗaya anka miƙo mani, ita ma ba ta kai ƙwan zabo ba. Na saya ban yi ciniki ba, abin da ban taɓa yi ba. Nan gwaggon yaron ta gane hankalina ba ya jikina.

A gidan da munka sauka akwai wani malamin lakwal, makarantar Nasara. Gwaggon ta maimaita mashi maganar mai jakai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu kwantar da hankali, wasa ne, sa'an nan ya tambaya: "Na ja ne ko na shuɗi?" Na dube shi da gajeren wandonshi, na ce a raina yaron da gwiwarshi ke waje ba shi gaya mani sayar da mutum wasa ne. Ita ko gwaggon ta dafa ni ta ce na ji ko? Kowane iska da launin zanenshi. Tambayar nan ta fi maganar mai jakai tsorata ni.

Ran Alhamis munka bi kwari zuwa Kieshe. Zafin bazara na dukan mutum ta sama, rairayi na dafa shi ta ƙasa. Amma ƙasa ce mai albarka, giginya da goriba ko'ina, rijiya kuma da hannu za ka kusa taɓa ruwanta, mu da muke jan igiya har tafi ya fashe. Wata Bafillatana ta ba mu nono munka ba ta daddawa. Ta nuna mana gabas da haɓa, ta ce shanunta sun fara shinshina iska. Na duba, sai ga ɗan hadari ya leƙo ya koma. In ruwa ya sauka gona ba sassabe, mai ciki ba miji, ni kuma ban san ko ɗan da zan iske shina da hankalinshi ba. Daga nan na bar tsayawa inuwa. Gwaggon na bayana tana mita, tana cewa ashe daddawa na da gaggawa haka.

Juma'a da la'asar munka shiga Kore Mairuwa, ƙafata ta dama ta yi bororo ta fashe. Mun ci kwaɗon zogale wajen wata Bazabarma, ita kopto take ce mashi, barkononshi ya sa na yi hawaye, na ko gode mashi don ya ba ni dalili. Asabar gobe, Tibiri da saura, ƙafa ta ƙi.

Da safe Allah ya kawo kamiyo, babbar motar kaya, direban Bakabe ne mai fara'a, shi ma Tibiri za shi. Ya sa mu gaba don ganin ƙafata. Da gwaggon ta ambaci telan, sai ya bugi sitiyari ya ce ai can za shi, da batirin motar nan ake jin akwatin maganar telan, kuma ya san yaron sarai.

"Na masu jar riga ne. Inna, sai haƙuri, bana sun lalace."

Ya ɗauko ya zuba. Wai 'yan gabansu sun tsufa, ƙafa ta mutu, amma tsohon manajan ya ƙi ajiye su don sun taɓa yi mashi rana. Wai sun sayar da mai tsaron gida mai hannu kamar danƙo, sun kawo wanda ko ƙwarya anka jefa mashi sai ta fashe. Sabon manajan kuma yaro ne, ba mai jin tsoronshi. Shi direban na shuɗi ne, su nasu manajan ba ya sayen manya, yara yake renon su kamar mai kiwon maruƙa. Na tambaye shi a wane gari gidan nan yake. Ya ce Ingila, bayan teku. Na ce yaron ya taɓa zuwa? Ya ce ko shi bai taɓa ba. Nan na fara yarda da gwaggon.

Muna kusa da gari ya ƙara guda, ita ce ta huda ni. Ya ce telan zai naɗe ya koma Ikko da ruwan fari, da akwatin da keken ɗinkinshi, kuma yaron ya ce tare za su, don can jarida na zuwa da hotuna.

Shagon telan rumfa ce bakin kasuwa. Jikin zana an manna hotunan Turawa jere, gwiwa waje, hannu a naɗe. Akwatin na kan teburi an lulluɓe shi da ƙyalle kamar amarya. Maza sun kai goma. Can gefe na hangi yaron, ƙashin wuya waje, da jan tsumma ɗaure a hannu. Ya gan mu ya zabura, ya durƙusa ya gai da gwaggonshi, ya gaishe ni kai a ƙasa. Na amsa wa zana. Na shimfiɗa faifaina na jera daddawa, kamar dai ita ta kawo ni.

Kafin a buɗe akwatin sunka kama gardama. Telan ya ce korar manaja ana saura wasa kaɗan hauka ce. Direban ya ce da ma tun kaka ya kamata a kore shi. Sai yaron ya buɗe baki. Tun da na haife shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon nan ba. Ya jera sunan mutum goma sha ɗaya, sunaye masu sarƙe harshe, ya san mai ciwon gwiwa, ya san mai ƙafar hagu, ya san wanda ba shi ba ɗan'uwanshi ƙwallo don girman kai. Ya ce in anka mai da dogon nan baya, anka saki ƙaramin a gefe, mu za mu ci. Mu, mu, mu.

Na ce wa gwaggon, ina duban daddawata: "Tambayi wanga, mu ɗin su wa? Sun san shi?"

Ta tambaya. Ya ce, "Ba su san ni ba, Gwaggo."

Ta raɗa mani cewa to ai shi ke nan. Ba ka ganinsu, kowa da launinshi da halinshi da ranarshi, su yi faɗansu a sama, kai dokin da sunka hau ka sha wuya a ƙasa.

Bayan azahar anka jona batir. Akwatin ya yi tari, ya yi ƙugi kamar ruwa bisa kwano, murya na zuwa tana ɓacewa, telan na juya mana da Hausa. Ba a jima ba ya ce an ci ja ɗaya. Yaron ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Gwaggon ta kwance ƙullinta, ta ɗebo garwashi daga dutsen gugar telan, ta zuba turare. Direban ya ce ta tura hayaƙin wajen mai tsaron gida, shi ya fi bukata. Anka yi dariya. Ni ban yi ba, idona na kan wuyan yaron, ina ƙirga bugun jijiyarshi.

Sai telan ya ce ja sun rama. Kafin in nisa, akwatin ya sake ɓarkewa da kururuwa, ya ce sun ƙara. Yaron ya yi wata ƙara da ban san tana cikin jikinshi ba, ya yi sama ya faɗo, shina birgima cikin ƙasa, shina dukan ƙasa da goshi. Na sha ganin iska ya ka da mutum. Na kuma ga wanda bai tashi ba.

Faifai ya kife, daddawa ta watse. Na kira sunanshi. Da ƙarfi, gaban maza goma da baƙo Bayarabe.

Rumfar ta yi tsit, sai akwatin kaɗai ke surutu. Ya tsaya cak, ƙasa a baki, ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, ni ma ban dubi zana ba. Shekara ashirin da biyu sunan na bakina ban furta ba. Gwaggon ce ta cece mu, ta ce a zo a tsince mata daddawa kafin kaji su riga mu.

Wasan ya ƙare ja sun ci. Amma da akwatin ya fara jero abin da anka yi a sauran garuruwa, telan ya sassauta murya. Wasu can a wani gari su ma sun ci, don haka ja sun faɗi duk da haka. Na ce sun ci kuma sun faɗi? Ya ce ai ba da rana ɗaya ake awo ba, tun daga damina ake tarawa.

Na ce wa telan, da ƙarfin da na kusa zai ji: "To wanga ko ni na gane shi. Sun kwanta tun shuka, sun zo ran girbi suna gudu. Manaja bai da laifi, gona ce ba a sassabe ba."

Direban ya ce wallahi ni ya kamata a ba aikin. Yaron bai yi dariya ba. Hawaye na bin ƙurar fuskarshi. Na dama fura, na kurɓa sau ɗaya, na tura ƙwaryar gefe na ce ta yi mani yawa. Ya ɗauka ya shanye.

Da safe ina ɗaure kaya, ban san ko mu biyu za mu koma ko mu uku ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Sai ga shi da tabarma a naɗe. Ya ce wa gwaggonshi ta gaya wa Inna ya sallami telan. Ya ɗauki kayana ya haɗa da nata ya aza a kai, jan tsumman na nan a hannunshi, ni ko ban ce a kwance ba. A Kieshe ruwan fari ya iske mu. Ban taɓa jin ƙamshin ƙasa mai daɗi da ban tsoro kamar na ran nan ba. Daga can kusan da gudu munka iso gida. Ya yi sassabe da shuka a haɗe, ya makara kaɗan, amma hatsi ya yi. Matarshi ta sauka lafiya ana noman biyu.

Abin da tafiyar ta koya mani, mutum na iya ce wa waɗanda ba su san shi ba "mu", ya rame dominsu, kuma lafiyarshi lau. Turare ba ya raba shi da su. Sai dai wanda ya san shi ya kira shi, ya ji.

Telan ya tafi da akwatinshi, ba mu ƙara jin labari ba. Direban ya rasu, mai jakai ya rasu, gwaggon ta bi su shekarar babban fari, har ta mutu tana cewa turarenta ya ci ƙwallo biyun nan. Cikin waɗanda sunka zauna rumfar nan, ni da yaron munka rage. Ga shi can da farin gemu, har yau na ja ne, sun tashi sun faɗi ban san sau nawa ba. Ran da anka ci su, fura na yi mani yawa. Bara ya aiko jikata ta tambaye ni ko zan sake kiran sunan nan kafin in mutu. Na ce ta gaya mashi ya sake faɗuwa ƙasa ya gani.