Moro Ya Raka Yusif Kotu

Faɗana na farko da Moro a kan buhun shinkafa ne. Na aike shi kanti ya ɗauko mini, ya ajiye shi a bakin titi nan unguwar Old Airport a Doha, ya tafi raka wani mai ciwon haƙori asibiti. Da ya dawo babu buhu. Na ce, "Kai ne uwarsa?" Ya ce, "Mma Zuwera, ba shi da kowa." Na ce, "To ni yanzu ba ni da shinkafa." Ya yi dariya har da riƙe ciki, shi ya ƙara ƙona mini rai.

Moro ɗan Zangon Kumasi ne, mai gyaran firji da iyakwandishan. Shekara tara ya yi a Doha yana hawa rufin gidajen mutane cikin zafin da ke narka takalmi. Matarsa Fausiya tana gida da 'ya'ya uku, auta ma a waya kawai ya san fuskar ubansa. Ran Juma'a yakan zo gidan 'yata ya ci wake da shinkafa, ya ce barkono ya yi kaɗan, ya kuma miƙo kwano a ƙara.

A Zango ba a barin mutum ya je asibiti ko kotu shi kaɗai. Wanda aka gani yana zaune a benci babu kowa a gefensa, an gama da shi, za a ce ba shi da mutane. Wasu da suka zo Katar sun ajiye wannan ɗabi'a a filin jirgi. Moro ya shigo da ita a aljihu.

A shekara ta tara ya samu aiki a wani kamfani da ya fi nasa, ya nemi a sauya masa takardu zuwa can. Kafil ɗinsa, wanda takardun zamansa ke hannunsa, ya ji haushi, ya kai ƙara cewa Moro ya gudu. Mutumin da ke kwana a ɗakin kamfani, yana sa rigar kamfani, wai ya gudu! Sabon kamfanin ya ce masa ya yi haƙuri mako uku za su warware maganar, amma kafin nan kada ya shiga duk inda ake duba katin shaida. In aka kama shi, jirgi ne zuwa gida Akara, kuma ba dawowa.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗaki, yana gyara fankar da ba ta lalace ba.

Sai ga ranar shari'ar Yusif. Yusif maƙwabcinsu ne a Kumasi, ya faɗo daga bene a wurin gini nan Doha, ƙugu ya karye, yana tafiya da sanduna biyu, ya kai kamfanin ginin ƙara. Da bakinsa ya ce, "Yaya Moro, zauna abinka, tasi zai kai ni." Moro ya ce to. Ya zauna a bakin gado yana jin ƙarar sandunan suna sauka mataki ɗaya-ɗaya. A ransa yana ta ganin Yusif a benci tsakanin lauyoyi, kowa da nasa, shi ba kowa. Kafin a kai mataki na ƙarshe ya riga ya sa takalmi.

"Iyakata ƙofa," in ji Moro a cikin mota. "Wallahi ko inuwar ginin ba zan taka ba."

A ƙofa mai gadi ya ce sai sandunan sun bi ta cikin na'urar bincike. Aka karɓe su. Yusif ya tsaya da ƙafa ɗaya yana lilo, zai kifa. Moro bai yi shawara da kowa ba, ya sa kafaɗa a hammatarsa suka wuce tare. Taku huɗu ne.

"Kati," in ji ɗan sandan da ke ciki.

Ya duba katin Moro a kwamfuta, ya ɗago kai, ya nuna masa kujera. Bai ko ɗaga murya ba. "Zauna nan."

Yusif ya shiga shi kaɗai. Minti biyar aka yi, aka ɗage shari'ar domin lauyan kamfani bai zo ba. Wanda bai zo ba, ba wanda ya neme shi. Kafil da ya shirga ƙarya ma ba a kira shi ba. Moro da ya kawo kansa da ƙafarsa shi aka sa a mota. Sabon kamfanin ya ce khalas, shi ke nan, magana ta fi ƙarfinsu.

Kwana shida bayan haka Moro ya kira ni daga inda ake tsare waɗanda za a kora. Muryarsa ta dushe.

"Mma, jibi ne jirgin. Ki kira Fausiya ki ce hutu aka ba ni."

"Hutu? Da riga ɗaya da silifa?"

"Don yara, Mma. Kada su ji an kore ni."

Na ce, "Moro, ƙarya ce ta kai ka inda kake, ba zan ɗora tawa a kai ba. Kai ba ɓarawo ba ne. Ka kira matarka ka gaya mata da bakinka, ta san abin da za ta dafa da abin da za ta ce wa maƙwabta."