Malam Ubale, Mai Duba Tukunyar Balan-balan

Ranar wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ina tankaɗe, sai maƙwabciyata Rahamatu ta shigo ba sallama ta zauna a ƙasa. Tukunyar gas ɗin da maigidana Badamasi yake cika balan-balan da ita, irin mai tashi sama da yara ke so, ta fashe. A cikin tabarma aka dawo min da shi Gumel.

Amma yau maganar Malam Ubale zan yi, mai walda a bayan tasha. Kullum da safe, kafin ya tada inji, sai ya zaga wajen masu balan-balan da gorar ruwan sabulu. Ya shafa a bakin tukunya da tiyo, in ya ga kumfa ya ce yau ba aiki. Ya sa a ja tukunya inuwa, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, a matsar da yara nesa. Ba wanda ya ɗora masa. Duba-gari suke kiransa, suna dariya.

Sai a zaman makoki na ji abin da ya faru. Tukunyar tana da 'yar ƙofa da ke sakin iska in ta yi yawa. Badamasi ya ga asara ce, ya kai wa Malam Ubale don ya liƙe ta. Waɗanda ke wurin sun ce har rigarsa Malam ya riƙe, ya ce, "Badamasi, ta nan take numfashi. Ka toshe, kai za ta fara nema." Maigidana ya ce tsoronsa ya yi yawa, ya kai wa wani mai walda ya liƙe masa.

Malam, kai ne ka ƙi, kuma kai ne ka zo gaisuwa ka kasa ɗaga kai. Allah Ya saka maka. Yanzu wutar walda ta cinye maka ido, an ce bayan Sallah za ka ajiye aiki. Masu walda, wani ya karɓi gorar nan. Na roƙi da yawa, ban ga wanda ya miƙo hannu ba.

Babban ɗana Muntaka ya sayo wata tukunyar. Na yi kuka, na yi faɗa. Ya ce, "Iya, to me za mu ci?"

Ban san tiyo ba, ban san ƙarfe ba. Buhu kawai na sani. Kowace safiya nakan jiƙa shi sharkaf in ɗora masa a bayan babur, in tsaya a zaure har in daina jin ƙarar.