Gogen Turawa a Gidan Malam

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Kumasi daga unguwarmu Nima, ni da abokina mai jita, biyolin ɗina, gogen Turawa, a cinya kamar jariri. Kwandasta ya so ya cusa shi cikin buhunan albasa, na ce sai dai ya cusa ni. Kuɗin mota ya sake tashi, ramukan hanya kuwa suna nan yadda muka bar su. A Nkawkaw muka sayi burodi mai ɗumi, abokina ya cinye rabona yana ba ni labari.

Yayar kakata ce, Hajiya, ta kwanta ciwo, ta aiko cewa kafin ta bar duniya tana so ta sake jin kiɗan gogen mahaifinta. To, tun da aka kai ta gidan malamai a Zongo, goge bai taɓa tsallake zauren ba. A wurinsu kayan 'yan bori ne da gidajen giya. Ɗanta, Kawu Malam, shi ne mai gidan yanzu, kuma ba a san shi da wasa ba.

Da azahar muka iso, muka tarar da shi a zaure da ɗalibansa. Ya dubi akwatin da biyolin yake ciki.

"Mene ne wannan?"

"Biyolin ne, Kawu."

"To, na Turawa. Ku shiga."

Bayan mun cika ciki da waakye, wato shinkafa da wake, na zauna gefen katifar Hajiya, na ja waƙar mahaifinta yadda kakata ta koya mini da baki. Ta yamutsa fuska. "Wannan ya yi tsabta da yawa, jikana. Baba tsirkiya ɗaya gare shi."

Sai na sauke biyolin daga haɓa zuwa ƙirji, na ƙyale tsirkiyoyi uku, na riƙa zame yatsa a kan ɗaya. Abokina ya kife jitarsa yana bugun bayanta kamar ƙwarya. Hajiya ta fara motsa yatsun ƙafa, can ta kama waƙar, muryarta na rawa.

Ina ɗaga kai na ga Kawu a tsaye a ƙofa. Hannuna ya tsaya cak.

"Wannan ai goge ne," in ji shi.

Ya dubi mahaifiyarsa, hawaye na bin kuncinta tana murmushi. Ya daɗe a haka, sannan ya cire takalmi ya zauna a dokin ƙofa.

"Ƙarasa mata. Ban taɓa jin Mma tana waƙa ba."

Washegari muka juyo, muka shigo Nima da magariba, jiki duk ya yi tsami. Na gode wa Allah da ya kai ni tana da sauran ji. Na kuma gode wa Kawu, don na san ɗalibansa sun ji komai daga zaure, shi ma ya sani. Na tafi ina tsoron bawan Allah nan, na dawo ina sa shi cikin addu'ata.