Baba Sammani da Rigar Direban Landiroba

Ɗanliti direba ya sayi rigar banza a gwanjo, ta kwantar da shi sati biyar. Daga nan maganar ta taso. Ni bakanike ne, rubutu bai dame ni ba, amma abin da Baba Sammani baduku ya yi a kan wannan riga ya fi ƙarfin a bar shi a hirar bakin gareji.

Duk wanda ya taɓa ratsa Tsamiyar Gabas, ƙauyenmu da ke bayan Ɗambatta, ya ga tsohon. Da an sallame sallar asuba zai sha kokonsa, ya naɗe hannun riga, ya tsamo fatu daga randar bagaruwa, ya matse, ya shanya a inuwa. Ba ya yarda rana ta taɓa masa fata. Hantsi ya zauna karta da murza da man gyaɗa har fatar ta yi laushi kamar zane. Bayan azahar sai basilla da zare. Shekara arba'in da wani abu ke nan, haka muka taso muka same shi. Shi ne majemin kansa, shi ne badukun kansa, don ya ce fatar da bai san yadda aka jeme ta ba, bai san irin ƙaryar da za ta yi masa ba.

Sana'ar da aka fi saninsa da ita ita ce rigar buzu: fatar rago da gashinta, gashin a ciki, fatar a waje. 'Yan acaɓa, masu tarakta, masu ban ruwa a lambu, duk wanda cin abincinsa yake cikin iska lokacin ɗari, wurinsa yake zuwa. Kuma ba ya lallashin kowa. Shekarar da Alhaji Abdulmumini dillalin hatsi ya yanka ragon layyar da duk garin aka je kallo, ya aiko da fatar a yi masa riga. Baba Sammani ya ɗaga ta a haske, ya shinshina, ya naɗe ya kai masa har zaure.

"Alhaji, ragonka ɗan gata ne. A ɗaki ya kwana, dusa da wake ya ci. Me ya sani game da sanyi? Gashin nan ko sauro ba zai tare ba. Ga kuma aikin mai fiɗa, huda bakwai na ƙirga. Wa ya feɗe maka?"

"Ni da kaina, Baba."

"To Allah ya karɓi ibada. Ka shimfiɗa ta ka riƙa salla a kai."

Alhaji ya yi kwana biyu yana kumbura, daga baya shi ne mai ba da labarin yana dariya.

To ga Ɗanliti. Motarsa tsohuwar Landiroba ce ta zamanin gyaɗa, gadon mahaifinsa, sitiyarinta ma a dama yake. Tamfol ɗinta ya ruɓe tun tuni, ƙarafan rufin kuwa ni na yanke su da hannuna don kwandunan tumatir su samu wurin hawa sama. Gilashin gaba kaɗai ya rage. Da ita yake kwasar tumatirin masu lambu daga fadama zuwa 'Yankaba a Kano, kuma tumatir ba ya nuna sai a tsakiyar ɗari, ba kuma a ɗaukarsa sai da sanyin safiya. Hanyar fadamarmu ba motar da take shiga sai ita. Bakuna tara ne a gidan Ɗanliti, duk a kan wata ukun sanyin nan suke.

Shekara uku da suka wuce ya dawo daga Kano sanye da wata baƙar jaket mai ƙyalli, gajera iya ƙugu, da farin gashi a wuya. Mai gwanjon ya ce masa irin ta matuƙan jirgin sama ce. Ya tsaya da mota a gaban rumfar Baba Sammani da gangan, ya sauko yana gyara wuya.

"Baba, ka ga aikin Turawa? Ba warin bunsuru, ba nauyi."

Tsohon ya miƙa yatsa biyu ya murza gefen rigar. "Wace dabba ce wannan?"

"Ta can ƙasar."

"Dabbar da ake yin bokiti da ita ce. Roba ce, Ɗanliti. Za ta sa ka zufa a ciki, iska ta shigo ta sami zufar. Ka ba Hure ta rufe tukunya da ita."

Muka yi dariya, har da shi Ɗanlitin. Bayan kwana goma sha biyu aka ɗauke shi zuwa asibiti da ciwon haƙarƙari, ko sunan matarsa Hure ba ya iya kira. Da aka sallame shi likita bai ɓoye masa ba. Ya ce in sanyi ya sake shiga ƙirjin nan, to ba lalle ya fita da ƙafarsa ba, gara ya bar motar. Ga tumatir yana ja a lambu, masu lambu suna zuwa dubiya suna kallon makullin mota a rataye. Ɗanliti ya rasa inda zai sa kansa. Zuwa wurin baduku kuma kunya ta hana shi.

Tsohon ne ya je da kansa. Ya yi sallama, ya yi masa sannu, bai ko ambaci jaket ɗin ba. Ya ce, "In ka iya tashi, ka zo da motar, ba kai kaɗai ba."

Fata uku ya zaɓa, duk na ragunan uda na Fulanin daji, waɗanda suka kwana a fili, aka kuma yanka su a cikin sanyi lokacin da gashi ya cika. Ya daɗe da jeme su yana ajiye. Ɗaya mai geza ce, ya ce ita ce ta wuya. Kowacce sai da ya hura ta da baki ta gefen gashi, ya tara tafin hannunsa ta baya, ko zai ji iska. Wajen awo kuma bai auna Ɗanliti a tsaye ba, yadda tela yake yi. Ya ce ya hau ya kama sitiyari, ya sa giya, ya waiga baya, ya sunkuya ya ja birkin hannu. Yana bi da igiya yana ƙullawa. Ɗanliti ya ce a yi masa ita doguwa har gwiwa, yadda mutum zai fito da mutuncinsa.

"Mutunci a ranar Juma'a. In na yi maka doguwa, za ta taru a cinyarka ta ɗage, ta buɗe maka ciki."

Mun zaci an gama. Sai ya ce gobe da shi za a tafi Kano.

Nan ne al'adar aikinsa da ba kowa ya sani ba. Baba Sammani ba ya yanka fata sai ya hau abin hawan ya ji inda iska take cizo a jikinsa. Ya hau bayan babur, ya hau tarakta, a 'yar taguwa fara, da gawayi a hannu, duk inda ya ji sanyi ya soke shi sai ya zana a jikin rigar. To amma lokacin yana da ƙarfi. Yanzu ya haura saba'in. Matarsa Inna Uwa ta biyo shi har ƙofar gida da bargo.

"Malam, ka ga yadda iskar nan ta yi da mai jini a jika. Kai da me za ka tare ta?"

"In na rufa, Uwa, me zan jiyo?"

Ɗanliti ma ya ce, "Baba, don Allah ka bari. Ni zan faɗa maka inda take shiga."

"Kai? Kai da ka sa bokiti ka ce riga ce? Tada mota."

Ina cikin tafiyar, a baya tsakanin kwanduna, don kada motar ta yi halinta a hanya. Mun tashi bayan sallar asuba. Ɗanliti na naɗe cikin bargo da suwaita biyu. Ni da nake da rigar sanyi haƙorana suna haɗuwa. Tsohon yana zaune a kujerar hagu a miƙe, taguwarsa tana kaɗawa, ya rufe ido kamar mai sauraren karatu. Can sai ya ɗaga gawayi ya zana a kwiɓi. Can a ƙarƙashin hammata. Can a wuyan hannu. Da muka hau kwalta motar ta ɗau gudu, sai ya miƙo mini gawayin ta baya.

"Shafi'i, zana mini nan. Ƙeya. Sauka. Tsakanin kafaɗu. Sauka kuma, har ƙugu. Cika shi baƙi ƙirin."

Sau biyu Ɗanliti yana rage gudu, sau biyu tsohon yana daka masa tsawa ya yi irin gudun da ya saba. Da muka sauka a 'Yankaba leɓɓansa sun yi fari, hannunsa ba ya iya riƙe kofin shayi. Amma murna yake yi. Ya tuɓe taguwar ya shimfiɗa a kan bonet.

"Kun gani? Kowa ƙirji yake karewa. Gilashi ya tare gaba ai. Iskar tsallake gilashin take, ta juyo ta doki mutum ta baya. Ta baya ta kama ka, Ɗanliti. Abin da ya cije ni a hagu kuma, kai a dama zai cije ka, tunda kai ne a wancan gefen."

Haka ya ɗinka ta. Bayan rigar ya ninka shi biyu, ya sauke shi har mutum ya zauna a kansa. Gaban gajere. Kwiɓin dama ninki biyu. Wuyan geza mai miƙewa har kunne. Bai sa zif ba, ya ce ƙarfe sanyi yake kira, maɓallan fata ya yi, bakin rigar ya hau kan ɗan'uwansa ta yadda iskar dama ba za ta sami ƙofa ba. Tari ya fara masa tun ranar da muka dawo. Inna Uwa ta yi faɗa, ta yi kuka, ta aika aka kira liman. Ya ce tumatir ba zai jira ya warke ba. Kwana tara yana ɗinki yana tari, zazzaɓi yana kaɗa shi, basilla tana suɓuce masa yana ɗauka. Rana ta goma ya sa Ɗanliti ya hau mota ya gwada, ya zagaya shi sau ɗaya, ya ja wuyan, ya ce, "To." Da yamma muka kai tsohon asibiti.

Ɗanliti ya kwashe sauran tumatirin shekarar kaf, bai yi ko atishawa ba. Lokacin sanyi biyu ya ƙara a kai, jiya ma na gan shi a cikinta, ta yi baƙin gwiwar hannu, ɗinki ɗaya bai saki ba. 'Ya'yansa suna ci suna sha. Masu lambu ba su zubar da kwando ɗaya a bakin hanya ba.

Baba Sammani, kai ne mutumin da ka ɗauki aikinka ya fi jikinka. Kai ne wanda aka yi wa dariya a gaban rumfarka, ka tashi ka bi mai dariyar har gida da basillarka. Ba ka taɓa shiga rediyo ba, ba wanda ya ba ka takardar yabo, amma ka leƙa tashar Ɗambatta da safe ka ƙirga bayan mutum nawa ne yake da ɗumi saboda kai. Na Uwa, mai ɗinkin da ba ya saki. Mun gode. Ɗanliti ya ce in rubuta cewa shi ba shi da bakin godiya, Hure ta ce kullum kana cikin addu'arta. Allah ya saka maka da alheri, ya sa wahalar nan ta zama kaffara.

Ku kuma masu sana'a, da ni a ciki, mu ji kunya. Nawa ne a cikinmu muke ɗaure noti mu ce ya yi, ba mu hau motar mun ji ba? Ban ce kowa ya je ya tsaya a iska ba riga ba. Na ce mutum ya san inda aikinsa zai ciji mai shi kafin ya miƙa masa. Juma'ar da ta wuce tsohon ya tattara basillunsa da wuƙaƙensa ya ba Mudassir mai gyaran takalma, ya ce ya riƙa zuwa, zai nuna masa da baki. Duk mai son koyo ya je yanzu, idonsa garau yake, bakin nan kuma bai mutu ba.

Da hannunsa dai ba zai ƙara ɗinkawa ba. Sati bakwai ya yi a gadon asibiti, kuma likita ya ce huhunsa na hagu ba zai dawo ba. Ko ƙurar fata ya shaƙa sai ya shiɗe. Daga ƙofar gidansa zuwa masallaci taku arba'in ne, yanzu sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango kafin ya kai.