Laure Mai Kati da Masu Cewa "Da Sauƙi"

Kullum kafin a buɗe ɗakin magani, Laure ta riga ta share baranda, ta jera katuna, ta zauna tana amsa gaisuwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana yanka kati a wani ƙaramin asibiti a garin Turawa da ke yankin Karaye, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki.

Rubuta suna aka ɗauke ta yi, amma sauraro ta fi ƙwarewa a kai. Mu Hausawa, ko ba ma iya ɗaga kai, aka tambaye mu jiki sai mu ce da sauƙi. Laure kan ce maganar ɗaya ce, amma kowa da nauyin da ya ɗora mata.

Ma'aikatan asibitin har yau suna ba da labarin Adawiyya, wata matashiya da ta kawo jinjirinta. Malamin asibiti ya tambaye ta jikin yaron, ta kau da kai ta ce, "Da sauƙi." Har ya fara rubuta maganin zazzaɓi. Laure kuwa ta lura tun a wurin yankan kati matar ta kasa faɗin sunan yaron, sai dai "yaron nan". Ɗan fari ne, kunya ta ɗaure mata baki.

Laure ta jawo ta gefe ta ce, "'Yar nan, ba naki nake tambaya ba. Da ɗan maƙwabciyarki ne, me za ki ce yana damun sa?"

Adawiyya ta sunkuyar da kai. "Inna, sai in ce kwana biyu bai kama nono ba. Yau da safe ya sanƙare har sau biyu."

Nan take aka sa su a mota zuwa babban asibitin Karaye. Yaron nan, Muhammad Auwal, bana ya sauke Alƙur'ani. Har yau uwar ba ta kiran sunansa, amma duk kaka sai ta aiko wa Laure gyaɗa.

Ke ce kunnen marasa baki, Inna Laure. Ke ce kika gane cewa wani lokacin abin da mutum ya fi ƙauna shi ya fi kasa ambata, ba ki kuma taɓa kunyata kowa a kan haka ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma da ke zaune a bayan tebur, idan aka ce muku da sauƙi, ku ajiye biro, ku sake tambaya.