Injin Wanke-wanken Bature a Tsakar Gidanmu

Shekarata ta uku ke nan a Jidda lokacin da maigidana ya shigo mana da injin wanke-wanke. A farkon shekarun saba'in ne, muna zaune a wani lungu bayan Bab Makka, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Shi haifaffen Jidda ne, yana tuƙi a wani kamfanin Turawa mai ofis a unguwar Bagdadiyya. Ni kuwa daga Kano na zo aikin hajji tare da kawuna, aure ya riƙe ni. Inna ta riga mu duka zuwa. Da ƙafa ta biyo ta Sudan tun tana budurwa, ta yi shekaru a hanya, kuma hanyar ta koya mata kada ta yarda da abu sai ta juya shi ta ga gindinsa.

Ranar Alhamis ce bayan la'asar. Na ji mota ta tsaya a bakin lungu, sai ga maigida yana turo wani farin akwatin ƙarfe mai ƙafafun taya huɗu, tsayinsa ya kai ƙuguna. Fentinsa ya fara komawa ruwan ƙwai, tsatsa ta ci kusurwa ɗaya. A bayansa an naɗe tiyo biyu da wayar lantarki. Maigida sai haki yake yana murmushi.

"Wannan kuma fa?" in ji Inna daga kan tabarmarta.

"Gassala ce, ya Ummi. Ta kwanuka. Ki zuba mata kwanuka masu datti, ki rufe, halas, su fito fes."

Ya ce wani injiniya Bature da yake tuƙawa ne ya gama kwantiraginsa zai koma ƙasarsu. Injin ya daɗe a gidansa, tun daga hannun Baturen da ya gada, shi ya sa ya ce ya ɗauka kyauta.

"Kyauta," in ji Inna. Ta maimaita kalmar kamar tana tauna tsakuwa a shinkafa. "Ruwa ba ya tsami banza. In abin kirki ne, me ya hana shi tafiya da shi?"

"Nauyi, ya Ummi. Jirgi ba zai ɗauka ba."

"Baturen nan ba shi ne mai kare ba?"

Maigida da bakinsa ya taɓa ba mu labarin karen, wai har kwanonsa daban gare shi. Inna ta tashi, ta ɗaga murfin, ta sa kai ta shinshina. A ciki akwai ragar ƙarfe hawa biyu, can ƙasa kuma wata 'yar farfela. Ta tambaye shi ko ya san abin da aka taɓa wankewa a ciki, ko kwanon kare, ko farantin naman da ba ma ci, ko kofin giya. Ya ce bai sani ba. Ta ce to ita ma ba ta sani ba, don haka babu kwanonta da zai shiga sai an tsarkake shi.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Tun ina yarinya na san ruwa da lantarki ba sa haɗuwa, ga shi an kawo mini akwatin da aikinsa ke nan ya haɗa su. Sannan akwai wani abu da ban faɗa wa kowa ba. Ni nake wanke-wanken gidan nan safe da yamma. Na riƙa tambayar kaina, shin mutumin nan ya ga wani maiƙo ne a kwanon da na ba shi abinci, ya rasa yadda zai gaya mini?

Washegari da sassafe muka wanke injin sau bakwai, na farko da ƙasa, kamar yadda Inna ta ce. Maigida ya yi ta roƙo kada ƙasar ta shiga cikin farfela. Inna ta ce injin da ƙasa kaɗan za ta kashe, ai da ma ba shi da rai. Na sunkuya har rabin jikina a ciki, ina kwashe yashin da tsumma. Sai na ga abin dariya ne, ranar farko ni ce na yi wa mai wanke-wanke wanka.

Inna ce ta tsara gwajin. Ta ce a yi tuwon shinkafa da miyar kuka, a zuba man shanu sosai. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a muka ci, muka sha shayi. Ta hana ni taɓa kwano ko ɗaya. Ta sa na jera su a gindin bango inda rana take dukansu: faranta na tangaran, langa biyu, tukunyar tuwo da ƙanzonta, kofunan shayi na gilashi, cokula, da ludayin da ta fi so.

"A bar su su bushe," in ji ta. "Kowa ya iya wanke ɗanyen kwano."

Kowa ya san kuka in ta bushe. Kamewa take kamar ƙaro, sai an jiƙa an sa soso da toka. Na ga fuskar maigida ta canza, amma ya ce tayyib, wato ya yarda.

Inna ta shiga ɗaki ta kishingiɗa. Ni ma na shiga nawa, zafin Jidda na lokacin nan ba ya barin mutum a waje. Can na ji ƙarar cokali ya taɓa tangaran. Na leƙa ta labule, sai na ga maigida tsugune a gindin bango da jiƙaƙƙen tsumma, yana goge langa a hankali, yana waiwayen ƙofar Inna. Ya kankare ƙanzon tukunya da cokali, ya zuba a aljihun rigarsa. Mutumin da tun da muka yi aure ban taɓa ganin ya ɗauraye kofi ba. Na saki labule na koma na zauna, ban san ko in yi dariya ko in ji haushi ba. Ashe shi ma bai yarda da injin nasa ba.

Da aka yi la'asar Inna ta fito. Ta tsaya a kan kwanukan ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki langa ɗaya ta karkata ta ga hasken rana.

"Ke 'yar nan, kin taɓa kwanukan nan?"

"Ban taɓa ba, Inna."

"To wa ya taɓa? Na bar kuka har bakin langar nan."

Na sunkuyar da kai. Ga miji, ga uwar miji. Na ce, "Ina ɗaki, Inna." Ba ƙarya na yi ba, amma idona ya riga ya ci amanata, ya sauka kan aljihun maigida, inda danshi da maiƙo suka yi tambari. Inna ta bi idona. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa masa hannu kawai, shi kuma ya zaro ƙanzon ya zuba mata a tafi, yana cewa wai umarnin injin ne, dole a fara rage datti.

"In sai ka wanke sannan ya wanke, to mene ne aikinsa?"

Ta ɗebo sauran miyar da ke tukunya, ta shafe langar da farantan da ya goge, ta zuba tuwo cokali guda a gindin tukunyar tuwon ta murje shi, ta sa na ɗora a risho har ya kama. Wannan karon ta jawo tabarma ta zauna gadinsu da carbinta har suka sake bushewa.

Sai matsalar ruwa. Injin yana son a ɗaura tiyonsa a famfon ruwan zafi, mu kuwa famfo ɗaya gare mu a tsakar gida, daga tankin da ke kan soro, kuma zubarsa kamar ta butar alwala. Maigida ya ce Baturen ya nuna masa ana iya zuba ruwan ta sama. Na dafa ruwa a babbar tukunya. Shi ya jera kwanukan a raga da kansa, yana juya wannan yana kifa wancan kamar wanda ya daɗe yana yi. Ya ɗauko ragowar garin sabulun da aka haɗo shi da shi a kwali. Inna ta karɓa ta shinshina, ta murza a yatsa, ta tambaya ko da kitsen me aka yi shi. Ya duba rubutun kwalin ya ce babu kitse a ciki. Na san Turancinsa bai wuce na gaisuwa da sunayen tituna ba.

Tiyon fitar da ruwa kuma Inna ta ce a sa shi a bokiti, tana so ta ga abin da zai fito, ta kuma ga yawan ruwan da zai sha. A Jidda ta wancan lokaci ruwa ba abin wasa ba ne.

Na zuba ruwan zafi, ya rufe murfi, ya jona waya. "Yalla, bismillah," in ji shi, ya murɗa makunni. Na ja da baya har bakin ƙofar ɗaki, na tsaya a kan busasshiyar tabarma.

Injin ya yi gurnani, sannan ya kama ruri, ruwa yana dukan cikinsa kamar ruwan sama a kan kwano. Ya fara rawa, tayoyinsa suna gangarawa a hankali wajen magudana, sai da maigida ya tokare shi da dutse. Muna jin gilashi yana karo da gilashi a ciki.

"Buɗe in gani," in ji Inna.

"Ba a buɗewa yana aiki, ya Ummi."

"Mai aikin da ba ya so a kalle shi," in ji ta, ta gyaɗa kai.

Can ya tsaya da kansa, ya amayo ruwa a bokiti, kore-kore mai kumfa. Maigida ya nuna da yatsa, ya ce ga dattin nan ya fito. Inna ta ce ta ga wanda ya fito, saura ta ga wanda ya zauna. Na sake zuba ruwan zafi na ɗauraya, ya sake ruri, ya sake amayarwa. Bokiti ya cika aka kawo wani. Da hannuna da rabin wannan ruwan zan gama.

Da aka ɗaga murfi tururi ya bugi fuskokinmu. Inna ta hana kowa sa hannu. Ita ta riƙa fito da su ɗaya-ɗaya, tana shafawa da yatsa, tana shinshinawa.

Farantan tangaran sun fita, ban da musu. Yatsa har ƙara yake a kansu. Cokula ma haka. Langa ɗaya ta fita, ɗayar kuwa ruwa ya birkice ta, ta fito cike da ruwan datti da guntun kuka yana yawo a kai. Tukunyar tuwo tana nan yadda ta shiga, sai ma ƙanzon ya jiƙa ya yi yauƙi. Ludayin Inna ya tsage tun daga baki har wuya, zafi ya yi masa yawa. Ta riƙe shi tana jujjuya shi. Maigida ya fara cewa ƙila yashin safe ne ya rage wa farfela ƙarfi, ta ɗaga ido ta dube shi, ya haɗiye sauran maganar.

Kofunan shayi ne suka ba mu mamaki. Shekara da shekaru shayi ya rina gindinsu, na sha gogewa da toka bai fita ba, har na ɗauka launinsu ke nan. Sai ga su garau kamar yau aka sayo su a Bab Makka. Inna ta ɗaga ɗaya sama, ta juya shi.

"Wannan ba kofina ba ne."

"Naki ne, ya Ummi."

"Kai da ka sa ƙanzo a aljihu, me zai hana ka sa sababbin kofuna a ciki?"

Sai da na nuna mata 'yar ɓallewar da ke bakin kofin da take shan shayi da shi kullum, sannan ta yarda. Duk da haka ta ce in ɗauraye su duka da ruwan famfo, da hannuna, da bismillah, don ba ta ga lokacin da aka wanke su ba.

Ina tsugune ina kankare tukunyar tuwo kafin magariba, maigida ya zo ya tsaya a kaina. Na daure na tambaye shi ko wanke-wanken nawa ne bai yi masa ba. Ya ce shi hannuna ya gani, yadda toka da sabulu suka farfasa mini yatsu. Na ce to ya ga dai tukunyar tana hannun nawa. Ya ce ya gani.

Ba a mayar da injin ba, ba kuma a jefar da shi ba. Inna ta yanke cewa gilashi da tangaran kaɗai zai riƙa wankewa, shi ma sai lokacin aikin hajji, sa'ad da 'yan'uwa daga gida suke cika mana tsakar gida, shayi ba ya yankewa. Ita take jera kofunan, ita take murɗa makunni, kuma ba ta barin wurin sai ya gama. Ta ƙirga su kafin su shiga, ta ƙirga bayan sun fito. Wata maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, ta taɓa tambayarta ko abin yana da kyau. Inna ta ce, "Yana taɓawa. Sai dai a sa masa ido."

Hajji biyu ya yi mana. A na uku robar bakin murfin ta ruɓe saboda gumin teku, ruwa ya riƙa tsiyaya ta gefe yana bin wayar. Ranar da na taɓa jikinsa ya fizge ni har gwiwar hannu, Inna da kanta ta zare wayar ta naɗe. Maigida ya zaga masu gyara daga Bab Makka har Bagdadiyya, babu wanda ya taɓa ganin irin robar. Daga ƙarshe wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da amalanke ya tafi da shi. Ragar ƙarfen ciki kaɗai na cire na ajiye, na daɗe ina kife kwanuka a kanta su tsane.